Anti Tabbas Mai Rigar Mama

Falanki ɗaya ne ya raba shagona da nata, irin siririn nan da idan aka yi atishawa a can sai a yi sannu daga nan. Ni zare nake sayarwa da maɓalli da zif, ita kuwa rigar mama da sauran kayan ciki na mata. Zaman da muka yi a jere ya isa a haifi yarinya ta girma har ta yi aure, don haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin wani na tsinta ba.

Duk layin shagunan Anti Tabbas ake kiranta, kuma bakinta ne ya raɗa mata sunan. Ban taɓa jin ta fara magana da "ina jin" ko "wataƙila" ba. Tambaye ta ko za a yi ruwa yau, tabbas za a yi. Wance ƙiba ta yi ko ciki ne, tabbas ciki ne, namiji ma kuwa. Idan shekara ta zagayo wance ba ta haifi komai ba, tabbas ɓari ta yi ta ɓoye wa mutane.

Ita ce babba a ɗakinsu. Mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata ƙanne rututu, ita ta yi musu wanka da kitso da duka. A nan zan ba ta haƙƙinta: ta riƙe su, ba wanda ya kwana da yunwa ko ya je makaranta da datti. Sai dai a gidan nan ta saba idan ta yi magana ba mai mayar mata, kuma ta ɗauko halin ta fito da shi titi. Da ta zama budurwa ta samu aiki a wani asibitin kuɗi, miƙa kati da kiran mai bi. Ba ta daɗe ba ta bar aikin, ko aikin ya bar ta, ya danganta da wanda ka tambaya. Wannan 'yar tsayuwar a bakin ƙofar likita ita ce digirinta har yau. "Lokacin da nake asibiti," haka take buɗe kowace fatawa, sai ka rantse ita ke riƙe wuƙar tiyata. Mijinta, tsohon direban babbar mota, ya daɗe da gano cewa gardama da ita asarar yawu ce, ya koma amsa komai da "haka ne", ko da gaishe shi aka yi.

A ƙuryar shagon akwai labule mai furanni da rana ta cinye, da madubi mai tsaga, da kujerar roba. Nan mata ke shiga su gwada kaya. Tef ɗin awo kullum yana rataye a wuyanta kamar abin sauraron ƙirji. Mace kuwa idan ta cire riga a gaban wata, bakinta ma yakan buɗe. A fara da lambar riga a ƙare da ciwon baya da rashin barci da halin miji. Kowanne Anti tana da maganinsa.

Wata shekara aka kawo gwajin sankarar mama ƙaramin asibitin da ke ƙarshen titinmu, kyauta. Ranar buɗewa an kafa rumfuna, an jera kujeru, an kunna lasifika. Manyan baƙi suka yi ta jawabi a kan darajar 'ya mace har rana ta take, matan da ake darajantawa kuwa suna tsaye a baya suna fifita da gefen mayafi. Anti ta ci ado ta je da wuri, ta nufi layin gaba a matsayinta na tsohuwar ma'aikaciyar lafiya. Mai tsara zama ya tambaye ta daga wane ofishi take, sannan ya nuna mata baya da ɗan yatsa. Ta dawo shago tana huci, ta ce tun daga yadda suka jera kujerun ta gane ba su san aikin ba.

Da yamma manya suka tafi, rumfunan suka bi su. Abin da ya rage shi ne nas guda, da likita mai leƙowa idan ya samu sarari, da na'urar ɗaukar hoto da ke aiki idan an kawo wuta. Nas ɗin, wata siririya mai takalmin roba da kowa ke kira Sista, ita ta riƙa bin shaguna da takardun faɗakarwa.

"Anti, ke kike ganin matan unguwar nan fiye da mu," in ji Sista. "Ki taimaka ki manna wannan, ki riƙa yi musu magana."

"Ai 'yar nan aikinmu ne. Ni ma 'yar gida ce, na yi asibiti. Ajiye nan."

Sista ba ta kai shago na gaba ba takardun suka zama abin naɗe kamfai.

Magana kam ta yi musu. Yadda take auna ƙirji ta ba kowa daidai ita, haka take auna zuciya. Matsoraciya sai a gaya mata na'urar tana matse nono kamar ana tatsar lemo, tsokar da ta mutu a ciki ita ke rikiɗa ta zama cutar. Mai kunya a tambaye ta ko ta san wa ke tsaye bayan na'urar: ƙato ne, ga ɗalibai maza suna leƙe. Mai tsoron miji a ce mata can ba su san komai ba sai yanka, ta koma gida da gefe ɗaya ta ga ko zai ƙara ɗaga ido ya kalle ta. Mai yawan ibada kuwa a ce mata rashin godiya ne mutum yana zaune lafiya ƙalau ya tashi neman cuta da ƙafarsa.

Ba zan ɗora mata duka ba, don matan ba gaskiya suke zuwa nema ba, izinin zama a gida suke so, a ba su a bakin wanda ya sani. Matar mahauci ta ce ta nemi izini, maigidan ya ce wa ya gaya mata ba ta da lafiya. Mai kayan miya ta ce wa zai tsare mata tumatir ta je ta wuni a benci. Wata ta je har sau biyu ta tarar ba wuta, ta rantse ba ta ƙara takawa. Kowa da ɗan dalilinta ƙarami, Anti kuma ta hura shi ya zama ƙato.

Ni dai na je, don gwaggona da irin ciwon nan ta tafi, na ga yadda yake ƙarewa. Sista ce ta duba ni, ƙofa a rufe, ba ƙato ba ɗalibi. Hannunta dai da sanyi. Matsar na'urar kuwa ba daɗi, amma kafin in gama ɓata fuska an gama. Da na dawo na faɗa a gaban mata, Anti ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Mai Zare, ki ba shi lokaci," ta ce.

Cikin ƙannen da ta raina akwai ta ƙarshe, Auta, wadda tun tana goye uwarsu ta rasu. Auta ba ta san wata uwa ba sai Yaya. A lokacin tana da aure da yara ƙanana, tana aiki a gidan burodi, tana zuba shi a leda tana jera tire. Mace ce mai saurin dariya, kullum tana ƙanshin yis da man gyaɗa. Wata rana da hantsi, kasuwa ta yi sanyi, na ji ta shigo ta ja labule.

"Yaya, taɓa nan ki ji. Wajen hammata."

Na ji Anti ta matso kusa da ita.

"Yana miki ciwo?"

"Ko kaɗan."

"To kin gani. Abin da ba ya ciwo ai ba cuta ba ne. Tabbas nono ne ya daskare. Ba yaye kika yi ba?"

"Yayen fa ya daɗe, Yaya."

"Ni za ki koya wa? Lokacin da nake asibiti irin wannan ƙullutun nawa na gani. Ki riƙa gasawa da tsumma da ruwan zafi safe da yamma, ki shafa man zafi. Rigar ma ta matse ki, ungo mai girma."

"Baban yara ya ce ko mu je wajen Sista."

"Ya kai ki maza su yi ta latsa ki? Turo min shi."

Mijin Auta mai gyaran firij ne da fanka. Da yamma ya zo da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, ya tsaya a bakin ƙofa, Anti ta wanke shi tas. Ita ta goya yarinyar nan, ita ta san jikinta tun ba ta da haƙori, shi yaushe ya zo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tunda Yaya ta duba ai shi ke nan." Na ga fuskarsa lokacin da ya juyo. Ba fuskar wanda aka fi ƙarfi ba ce, fuskar wanda aka hutar da shi wunin layi ce.

Da Auta ta shigo wajena sayen maɓalli na riƙe hannunta na ce ta zo in raka ta, ba wanda zai sani. Ta yi dariya.

"Anti Mai Zare, akwai abin da za a yi a titin nan Yaya ba ta ji ba? Idan ta ji na tsallake maganarta, wa nake da shi?"

Na je na gaya wa Sista. Sista ta bi ta har gidan burodin, Auta ta fito da gari a hannu ta yi godiya ta ce ai ya baje.

Bayan wasu watanni Anti ta fara rufe shago da safe jefi-jefi, wai ta tafi sarin kaya. Sai ta dawo da azahar hannu rabbana. Daga baya ta rufe na kwanaki da dama, aka ce ta je duba surukarta. Ta dawo tana maƙale hannun dama a jiki, ko ƙullin kaya ba ta iya ɗagawa, ni nake rataya mata samfur a ƙofa. Ta ce sanyi ne ya kama mata kafaɗa. Bakin dai bai kamu da sanyin ba, wa'azin na'ura da ƙato da wuƙa bai ragu da ko kalma ɗaya ba.

Ita kuwa Auta sai ramewa. Fatar wajen ta koma kamar ɓawon lemo, hannu ya kumbura, tire ya gagare ta. Daga baya wani wari ya fara biyo ta wanda turare ba ya rufewa, har mai gidan burodin ya ce ta je ta huta. A nan ne mijin ya tuna shi ne mijin. Bai shawarci kowa ba ya ɗauko motar haya zuwa babban asibiti, can ɗaya gefen gari. Na rufe shago na bi su. Anti ta ce ga kasuwa, ga ciwon kai, ba za ta samu zuwa ba. Auta ta ce idan ba Yaya ba za ta shiga motar ba. Haka Anti ta shigo, ta ja mayafi har kan hanci, ta ɗora baƙin tabarau, ita da ba ta taɓa sawa ba.

Muna zaune a dogon benci a baranda, warin maganin wanke ƙasa ya cika ko'ina, Auta ta kwantar da kai a kafaɗar mijinta. Wata nas dattijuwa ta zo wucewa tana tura keken magani, ta yi turus a gaban Anti.

"A'a, Mama, ke ce? Ai ba yau ce ranar dawowarki ba. Ya ɗinkin, ya kame sarai?"

"Ba ni ba ce. Kama ce."

"Haba Mama. Mai rigar mama ko? Ba ke kika kawo min mai leshi ba bayan aikin?" Ta juyo wajenmu tana fara'a. "Ku 'yan uwanta ne? To ku yi koyi da baiwar Allahn nan. Ɗan abu kamar ƙwayar wake ta ji, washegari tana nan. An cire ɗan wurin kawai. Likita ya ce da kowa zai zo da wuri haka, da kukan da ake yi a barandar nan ya ragu."

Ta tura kekenta ta wuce. Ita ma bakinta ba sakata, sirrin marar lafiya take rabawa kamar alewa, amma ranar ban ji haushinta ba.

Auta ta ɗago kai a hankali ta gyara zama.

"Yaya, ke ba ki gasa da ruwan zafi ba?"

"Nawa daban ne."

"Ya yi miki ciwo?"

Anti ta shiga gyara tabarau.

"Tambayarki nake, Yaya. Naki ya yi ciwo?"

Sai aka kira mai bi. Auta ta yunƙura za ta tashi, Anti ta miƙa hannu za ta tallafe ta, Auta ta kauce ta kama nawa.

A cikin motar dawowa ina ta haɗa abubuwa a raina. Lokacin sarin kayan nan da ba a dawowa da kaya, Auta tana ɗaukar tire da hannu biyu, tana dariyarta. Motar da ke zuwa babban asibiti ta gaban asibitin Sista take bi, ta kuma bi ta gaban gidan burodin. Duk zuwa duk dawowa Anti ta wuce ƙofar da ƙanwarta ke tsaye, ba ta taɓa cewa direba ya tsaya ba. Na tambaye ta sau ɗaya abin da ya hana ta faɗa, muna share ƙofar shago.

"Da wane baki zan faɗa?" ta ce. "Bayan duk abin da na gaya wa mata? Su mayar da ni abin dariya? Kuma wa zai ƙara sayen rigar mama a hannun wadda aka yanka?"

Ta faɗe shi ne kamar wadda aka zalunta.

Likitoci suka ce abin ya bazu. Aka yi aikin da ake gudu, aka cire duka, aka shiga ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi. Auta ta jure fiye da yadda kowa ya zata. Ban taɓa jin ta ɗaga wa yayarta murya ba. Idan Anti ta kawo abinci takan ce an gode, ta juya fuska bango. Da damina ta kama ta rasu, wata safiya, yaran suna shirin makaranta. Kakarsu ta wajen uba ta dawo gidan ta riƙe su.

A wajen gaisuwa kukan Anti ya fi na kowa tashi. Tana sharɓe hawaye tana cewa tabbas wuƙar ce ta tayar da ciwon, ita ta faɗa tun farko. Akwai masu gyaɗa kai. Ni kuwa ban riƙe abin da na ji a baranda ba, duk wadda ta zo sayen zare da shi take tafiya. Na ɗauka matan za su watse mata. Ina. Matar mahauci cewa ta yi, "Ai ita ta yi asibiti, shi ya sa ta gane nata na zuwa ne." Mai kayan miya ta ce kwanan Auta ne ya ƙare. Shagon ya ci gaba da cika.

Da shekara ta zagayo masu shirya gangamin gwajin suka dawo, suna cigiyar wadda ta yi ciwon ta warke, ta yi wa mata magana. Labarin ya riga ya fasu, ba sauran abin ɓoyewa, sai Anti ta duba ta ga inda inuwa ta koma. Aka sa mata riga ruwan hoda, aka miƙa mata abin magana. Ta buɗe da "lokacin da nake asibiti", ta ce jahilci ne ke kashe mata, ta ce na'urar ko sauro ya fi ta cizo, ta ce namijin da ya hana matarsa zuwa ba miji ba ne. Mijinta yana gefe yana cewa haka ne.

Washegari layi ya kai bakin titi. Matan da suka ƙi zuwa don ta ce kada su je, su ne suka je don ta ce su je, ba wadda ta tsaya ta tambayi me ya canza. Mahauci da kansa ya rako tasa. Tumatir ma ya samu mai tsaro. Na je na sauke wa Sista abin da ke cikina, ta saurare ni tana wanke hannu.

"Ni dai su zo, Anti Mai Zare," ta ce. "Ko wa ya turo su."

Kuma an samu waɗanda aka tari nasu da wuri, suna nan da ransu suna harkokinsu. Wannan ba zan musa ba, ko da yake yana tsaya min a wuya.

Daga nan Anti ta zama ta taro. Har wani gidan rediyo ya gayyace ta shirin lafiyar iyali. Na kunna ina jera zare. Mai gabatarwa ta tambaye ta ko ciwon ya taɓa raba ta da wani nata. Sai na ji muryar ta karye.

"Ƙanwata," ta ce. "Ni na raine ta. Ba yadda ban yi da yarinyar nan ta je a duba ta ba, ta ƙi. Taurin kai ne ya kashe ta."

Washegari da hantsi mijin Auta ya tsaya a ƙofar shagonta, hannunsa baƙi ƙirin da mai.

"Yaya, na ji ki a rediyo jiya."

"Allah sarki, ka ji? Muryar ta fita sosai? Sun ce za su maimaita."

Ya daɗe yana kallonta.

"Ta fita. Yaran ma sun ji. Babbar ta tambaye ni me ya sa mamansu ta ƙi zuwa asibiti."

"Me ka ce mata?"

"Na ce ta zo ta tambaye ki. Tana nan tafe idan an tashi daga makaranta."

Kafin azahar Anti ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, wai jiri take gani. Yarinyar ta iso da jakar makaranta a baya, ta tarar da shago a rufe, ta tsaya tana kallon kwaɗon. Na kira ta na ba ta kujera na ba ta ruwa, na gaya mata abin da ya faru tun daga farko, har da abin da ubanta ya ce a bakin ƙofar nan. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko ita ma za ta iya kamuwa, na ce wannan ba ni zan amsa ba, na kama hannunta muka tafi wajen Sista.

Anti ta buɗe shago bayan 'yan kwanaki kamar ba abin da ya faru. Har yanzu ana gayyatarta taro, rigar ruwan hodar ma an canza mata sabuwa. Sai dai ta cire ƙanwar daga jawabin. Yanzu wata maƙwabciyarta ce mai taurin kan, wata mai sayar da zare, da aka yi aka yi da ita kafin ta yarda ta je.